Masu karatuna sun watse a babi na 12, ga kuma kamfani yana neman in biya

Assalamu alaikum, Anti. Ni sabuwar marubuciya ce, kuma littafina na farko ne ya sa ni a gaba. Labarin wata budurwa ne mai aikin akanta a kamfanin mahaifinta marigayi. Ta gano yayanta ne yake kwashe kuɗin kamfanin, alhali an riga an ɗora wa wani direba laifin, yana can a tsare. Babi 40 ne. Na riƙa sakinsa babi-babi kyauta a Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet, da Facebook. Da farko mutane sai yabo suke, suna roƙon ci gaba. Daga wajen babi na 12 na ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na daure na kammala, na haɗa shi na sa a kasuwa, amma waɗanda suka saya ba su taka kara sun karya ba, kuma har na ga wani yana rarraba kwafinsa kyauta. Yanzu wani kamfanin ɗab'i ya tuntuɓe ni. Sun ce littafin ya burge su, za su buga shi su tallata shi a duniya, amma ni zan biya kuɗin aikin, in kuma sa hannu a wata takarda. Sun ba ni mako guda. Maigidana ya ce in haƙura da rubutun haka nan, ƙawata kuma ta ce talla ce kawai ban iya ba. Na turo miki littafin da takardar. Don Allah, littafin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya talla ba? In biya su?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta littafin har ƙarshe, na kuma duba takardar a tsanake. Bari mu fara da abin da aka yanka miki wa'adi a kansa, tunda na san shi ne yake hana ki barci.

Kada ki sa hannu, kada ki tura musu ko sisi. A harkar ɗab'i ta gaskiya kamfani ne yake biyan marubuci. Yana ɗaukar littafi ne don yana sa ran zai sayar, sai ya zuba kuɗinsa a tacewa da zanen bango da bugu da rarrabawa, ya riƙa ba marubuci kaso daga kowane kwafin da ya shiga, wani lokaci ma har da kafin alƙalami tun littafin bai fito ba. Kason ba wani mai yawa ba ne. A manyan kamfanonin Amurka da Ingila marubuci kan samu wajen kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na farashin littafi mai laushin bango, da kashi 25 cikin 100 na abin da ya shigo hannun kamfani daga littafin da ake karantawa a waya ko kwamfuta. Wakilin da ke nema wa marubuci kamfani yakan ɗauki kashi 15, kuma daga abin da ya samo yake cira, ba a biyansa tun kafin ya kawo komai. Akwai wata hanyar halal ta biyu: ki ɗauki mai tacewa ki biya shi, ki ɗauki mai zanen bango ki biya shi, ki kai maɗaba'a ki biya, littafi naki, riba taki, asara ma taki. Waɗannan mutanen naki sun zaɓo wa kansu mai daɗin kowace hanya, sun bar miki mai ɗacin. Ke za ki biya, su za su mallaka. Kamfanin da ya riga ya ci ribarsa ranar da kuɗinki suka shiga asusunsa, me zai tashe shi tsaye ya je neman mai saye?

Koma ki sake karanta inda takardar ta ce kin ba su dukkan haƙƙin littafin, a kowane harshe, ta kowace siga, ba tare da iyakar lokaci ba. Ma'anarsa, in gobe wani ya so ya mai da labarin fim, ko ya fassara shi, ko ya karanta shi a murya don masu sauraro, su zai nema, ke sai dai ki ji labari. Yarjejeniyar kirki takan faɗi shekara nawa, wace ƙasa, wane harshe, wace siga, sau nawa a shekara za a kawo miki lissafin ciniki, da sharaɗin da zai sa haƙƙinki ya dawo hannunki idan littafin ya daina tafiya. Taku ba ta da ko ɗaya. Na ga kuma sun jera rajistar haƙƙin mallaka da lambar ISBN cikin abubuwan da za ki biya, kamar wata babbar alfarma. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suke cikinta, rubutunki naki ne ba sai kin yi wata rajista ba, kuma kariyar tana tafiya har tsawon rayuwarki da aƙalla shekara 50 bayanta. ISBN kuwa lamba ce mai alƙaluma 13 da masu sayar da littattafai da ɗakunan karatu suke bambanta wannan bugu da wancan da ita. Ba ta hana kowa sata. In kina son zuciyarki ta ƙara natsuwa, ki ce su ba ki sunayen littattafai biyar da suka buga bara, ki nemi littattafan a inda ake sayarwa, ki nemi marubutansu ki tambaye su nawa suka samu. Gani ya kori ji. Mako gudan nan da suka ba ki ma don kada ki sami sararin yin wannan binciken ne.

To, mu zo kan littafin, inda ainihin aikin yake.

Ƙawarki ta so ta kwantar miki da hankali ne, Allah ya saka mata, amma maganarta ba ta zauna ba. Mutane sun same ki, sun karanta babi goma sha ɗaya, sun yi ta roƙon ƙari. Wannan ai talla ta riga ta yi nata. Abin da ya faru bayan nan a cikin littafin ya faru. Wattpad yana nuna adadin waɗanda suka buɗe kowane babi, don haka ki ɗauki takarda ki jera lambobin daga na 1 zuwa na 40. Raguwa tsakanin babi na 1 da na 2 kowa yana ganinta, domin akwai masu leƙowa su wuce. Raguwa a hankali ma ba abin damuwa ba ce. Amma inda lambar ta rikito lokaci guda, masu karatu ne suke nuna miki wurin da yatsa. Marubuta da yawa suna biyan kuɗi don a gaya musu abin da ke kika samu a kyauta.

Ga abin da na gani. A babi na 11 jarumarki ta tsinci takardar banki ɗauke da sa hannun yayanta. Na gyara zama, na ce yanzu aka fara. Sai babi na 12 ya buɗe da rigimar ƙawarta da mijinta. Daga nan muka koma samartakar mahaifinsu, babi uku cur. Daga nan wata tafiyar aiki. Har babi na 19 jarumar tana riƙe da sirrin da zai iya rushe gidansu, amma ba ta yi komai da shi ba, kuma babu abin da ya matsa mata ta yi. Direban da ke tsare ko sunansa ba a ambata ba a cikin babi takwas ɗin nan. Mai karatu ya biyo ki ne da tambaya guda a ransa: za ta tona yayanta, ko za ta bar bawan Allah ya ruɓe a kurkuku? Duk babin da bai taɓa tambayar nan ba, bai ƙara mata nauyi ba, bai sauya mata fuska ba, bashi kike ci a wurin mai karatu, kuma ba kowa ke da haƙurin bin bashi har babi takwas ba.

Ki zauna da kowane babi ki rubuta layi uku a kansa: wa yake son me, me ya tare masa hanya, me ya sauya kafin babin ya ƙare. Wanda kika kasa cika masa layi na uku, ko ki cire shi, ko ki narkar da shi cikin maƙwabcinsa. Aiki ne mai gundura, kuma akwai zafi, don za ki tarar babin da kika fi so yana cikin masu tafiya.

Cirewa kaɗai ba ta isa ba, sai kin ɗaure tsakiyar da wani abu. Ki sa wa'adi. A faɗa mana tun babi na 12 cewa ranar kaza za a yanke wa direban hukunci, ta yadda duk babin da ya wuce mun san kwanaki sun ragu. Ki kawo matar direban bakin ofis, kada ta zagi kowa, kada ta yi kuka, ta zo kawai tambayar ko za a ba ta albashinsa na watan da aka kama shi, kuma ya kasance jarumarki ce mai sa hannu a kan albashi. Sannan ga babbar matsalar da ban ga kin lura da ita ba: yayan nan ya cika mugunta. Tun babi na 2 yake daka mata tsawa, yake wulaƙanta ma'aikata, yake raina mahaifiyarsu. Wane mai karatu ne zai ji nauyin tona irin wannan? Kowa cewa zai yi ta kai shi ga hukuma mu huta. Ki mai da shi wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, wanda ya tsaya mata ta yi karatu, wanda in ba ta da lafiya shi ne farkon zuwa. Ki ba shi dalilin satar da shi kansa ya yarda da shi, ko da dalilin banza ne. Ranar da mai karatu ya ji shi ma da ƙyar zai iya tona wannan mutumin, ranar littafinki ya sami ƙashin baya.

Tarihin mahaifinsu ba laifi ba ne, jibge shi wuri guda ne laifin. Ki yayyanka shi, ki riƙa ba mu ɗan kaɗan a daidai lokacin da muke buƙatarsa don mu gane abin da ke faruwa yanzu. Abin da bai taimaka wa yanzu ba ki bar shi a littafin ajiyarki. Ke kina buƙatar saninsa, mu ba dole ba.

Akwai sanannar shawarar nan ta Anton Chekhov, marubucin Rasha, cewa in an nuna bindiga rataye a bango a farkon wasa, to lallai a harba ta kafin a tashi. Ke kin karya ta ta fuska biyu. A babi na 3 kin ɓata shafi guda a kan makullin akwatin ƙarfen mahaifinsu, muka riƙe shi a rai, bai sake fitowa ba. A babi na 38 kuma sai ga wata murya da wani ma'aikaci ya naɗa a waya, wadda ba a taɓa shaƙa mana ƙanshinta ba, ta faɗo ta warware komai. Wannan ne ya fi ba ni haushi, domin kin ƙwace wa jarumarki zaɓin da muka yi babi 37 muna jiran ta yi. Gaskiya ta fito ba tare da ta buɗe baki ba, ta tsira da yayanta da mutuncinta ba ta biya komai ba. Sa'a tana iya jefa jaruma cikin rami, mai karatu zai yarda. Amma fitowa, da hannunta za ta fito, kuma ta rasa wani abu a hanya.

Bari in nuna miki wani abu a kusa. Ga yadda kika rubuta haɗuwarsu a babi na 21:

"Yaya, kamar yadda ka sani, tun da mahaifinmu ya rasu shekara goma da suka wuce kai ne kake riƙe da kamfanin nan, ni kuma ni ce akanta, don haka ina cikin matuƙar baƙin ciki da na gano cewa kai ne kake satar kuɗin."

Babu ƙanwar da take gaya wa yayanta yaushe ubansu ya rasu. Da mai karatu take magana ta kan kafaɗar yayan, kuma mai karatu ya sani. Gwada irin wannan:

Ta ajiye takardar a gabansa, ta juya ta yadda sa hannun zai fuskance shi.

"Wannan naka ne?"

Bai kalli takardar ba. "Umma ta ce ki kira ta."

"Yaya."

"Ta ce tun jiya ba ta ji muryarki ba. Kin dai san hawan jininta."

Ba wanda ya ambaci sata, ba wanda ya ce yana baƙin ciki, amma ya amsa laifinsa, ya kuma yi mata barazana da lafiyar mahaifiyarsu, duk a layi biyu. Mutane in magana ta yi nauyi kewaye ta suke yi. Ki bi duk hirarrakin littafin ki karanta su da ƙarfi, da bakinki. Inda harshenki ya sarƙe, ko kika ji kunyar faɗa, nan ne gyara yake.

Farkon littafin ma yana son almakashi. Shafi uku jaruma tana tashi daga barci, tana kallon madubi, ana lissafa mana idonta da hancinta. Labarin ya fara ne a inda aka shigo harabar kamfani aka tafi da direba a gaban kowa, kuma a nan ya kamata shafin farko ya fara. Wannan ya shafi ciniki kai tsaye, domin mai saye ɗanɗano yake fara karantawa. A Amazon kusan kashi 10 cikin 100 na farkon littafi ake nuna masa kyauta, a kan wannan yake yanke shawara. Ƙarshen babi kuma, tunda babi-babi kike saki, ki daina rufewa da jaruma ta kwanta barci, sai mai karatu ma ya bi ta. Sakin labari kashi-kashi tsohuwar sana'a ce, tun 1836 Charles Dickens yake fitar da nasa wata-wata a Ingila, kuma abin da ke dawo da mai saye bai sauya ba: a rabu da shi yana da abin da yake son sani. Ki tsaya a inda aka yanke shawara ba a riga an aiwatar ba, ko inda aka yi tambaya ba a amsa ba. Amma ban da yaudara. In kika rufe babi da ƙarar bindiga, kika buɗe na gaba da cewa mafarki ne, sau ɗaya za a yafe miki.

Sauran ƙanana ne. Kina tsallakawa daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a cikin sakin layi guda, ki zaɓi mutum ɗaya a kowace fitowa mu ga duniya ta idonsa. Kurakuran rubutu suna da yawa, ki ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya bi miki, amma a ƙarshe, bayan an gama babban gyara, kada ki biya a tace shafukan da za ki zubar.

In kin gama gyaran, ki ajiye shi wasu makonni ba ki buɗe ba, sannan ki ba mutum uku ko huɗu masu karanta irin wannan labarin don jin daɗinsu. Ban da maigida, ban da ƙawar nan taki, su ke suke so. In za ki iya samun ɗaya daga cikin waɗanda suka gudu a babi na 12, ya fi kowa amfani. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ki tambaye su a ina suka ajiye shi suka tashi, wa suka fi jin haushi, me suka zaci zai faru. In mutum ɗaya ya yi ƙorafi a kan wuri, ra'ayinsa ne. In uku suka yi a kan wuri guda, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ne daidai ba.

Sai bayan duk wannan ne maganar talla take da amfani, domin tallata littafin da tsakiyarsa ta saki zuba ruwa ne a kwando. Kuma a nan ƙawarki tana da 'yar gaskiyarta, akwai abubuwan da kika yi da hannun hagu.

Kin saki babi 40 kyauta, sannan kika dawo kina sayar da babi 40 ɗin. Wanda ya karanta ya riga ya karanta, wanda bai karanta ba ya san inda zai samu. Dole ki zaɓi ɗaya. Ko ki bar ɗanɗano kyauta har zuwa inda aka tsinci takardar banki, sauran a saya, ko ki sadaukar da littafin farko gaba ɗaya don ya tara miki mutanen da za su sayi na biyu. Duka biyun ana yi, kuma suna aiki. Tunda gyararren zai bambanta da tsohon sosai, ni da na sauke tsohon, na bar ɗanɗanon sabon.

Bangonki yana da fuskoki biyar da sunan littafi cikin ƙananan haruffa masu ado. Yawancin mutane a fuskar waya za su gan shi, bai fi girman ɗan yatsa ba. Ki rage hoton zuwa wannan girman ki duba: in ba a karanta sunan, a sake. Ki kalli bangon littattafan da suka fi tafiya a irin labarinki, ki lura da abin da suka yi tarayya a kai, domin bango sanarwa ce ga mai karatu cewa ga irin abin da yake nema. Bayanin da kika rubuta a bayan littafin kuma ya ce labari ne mai cike da darussa, soyayya, cin amana da ban tausayi. Wane littafi ne ba za a faɗa wa haka ba? Ki ba mu mutum, da abin da ya same shi, da abin da zai rasa:

"Ta san wanda ya kwashe kuɗin kamfanin mahaifinta, domin ta ga sa hannunsa. Shi ne ya riƙe ta tun tana marainiya. Saura kwana 21 a yanke wa direban da bai ɗauki komai ba hukunci, kuma takardar tana hannunta ita kaɗai."

Wannan shi za ki riƙa amsawa da shi duk lokacin da aka ce miki littafin a kan me yake.

In kina tunanin kai shi Amazon, ki san lissafinsu. A shekarar 2024, suna ba marubuci kashi 70 cikin 100 idan farashin littafin waya yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, bayan an cire ɗan kuɗin saukewa, a ƙasashen da tsarin ya shafa, in ba haka ba kashi 35. Akwai kuma tsarinsu na KDP Select, wanda in kika shiga kin yi alƙawarin kwana 90 littafin ba zai kasance a wani dandali ba, har da Wattpad ɗin naki, ban da ɗan ɗanɗano. Kafin ki wahalar da kanki a kan kowane dandali, ki tabbatar yana karɓar harshen da kike rubutu da shi, yana iya biyanki a inda kike, kuma masu karatunki suna iya biya ta can. Dandalin da ya fi suna ba lallai shi ne inda naki mutanen suke ba.

Abin da na fi so ki fara tun yau shi ne tara hanyar isa ga masu karatunki da ba ta rataya a wuyan wani kamfani ba. Facebook ba ya nuna rubutunki ga duk masu bin ki, shi yake zaɓar wa zai gani, kuma shafi yana iya rufuwa dare ɗaya. A ƙarshen ɗanɗano da ƙarshen littafi ki gayyaci mai so ya ba ki adireshin imel ko lambar waya, da yardarsa, don ki sanar da shi sabon aiki. In ta WhatsApp ne, jerin aika saƙo ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, kuma sai wanda ya adana lambarki ne saƙon zai isa gare shi, don haka ki ce su adana. Mutum ɗari da suka gama littafinki suka miƙo lambarsu da kansu sun fi miki dubban mabiya masu danna alamar so su wuce. Kada kuma ki ishe su da ku saya, ku saya. Na duba shafinki, rubutu goma na ƙarshe duk roƙon ciniki ne. Ki ba su wata fitowa da kika cire, ki tambaye su da su ne jarumar me za su yi, ki bar su su yi ta musu a tsakaninsu, musun nan shi ke jawo baƙi. Ki nemi marubuta biyu ko uku masu irin labarinki, waɗanda kika karanta aikinsu kika yarda da shi, ki gabatar da su ga mutanenki su ma su gabatar da ke. Ki roƙi wanda ya gama karatu ya rubuta ra'ayinsa ko layi biyu ne. Kada ki sayi yabo, kada ki tanka wa mai suka. Tallar kuɗi kuwa ta jira sai kin ga baƙin da ba su san ki ba suna kaiwa ƙarshen littafi, sannan ki gwada da kaɗan, ki sauya abu ɗaya a lokaci guda don ki san me ya yi aiki.

Mai rarraba kwafin, ki kai ƙararsa ga dandalin da yake amfani da shi, manyan dandali irin Facebook suna da fom na koken haƙƙin mallaka, ki wuce. Ba za ki iya toshe kowace kafa ba. Abin da ke hannunki shi ne ki sa saye ya yi sauƙi, mutum ya biya ya samu nan take, ba sai ya jira kin tashi daga barci kin tura masa ba.

Maigidanki kuma, ban jin rubutun ne ya ƙi. Ya ga matarsa ba barci, ba walwala, tana shirin kwasar kuɗi ta miƙa wa waɗanda ba ta sani ba. Ki gaya masa kin fasa biyan, ki gaya masa awa nawa za ki riƙa ba rubutu a mako da iyakar abin da za ki kashe, ki kuma tsaya a kan abin da kika faɗa. Kada ki yi masa alƙawarin littafin nan zai kawo kuɗi, da wuya littafin farko ya ciyar da mai shi, galibi na biyu da na uku ne suke juyowa su sayar da shi. Don haka makonnin da za ki ajiye wannan yana hutawa, ki fara na gaba. Rigimar ƙawar jarumar da mijinta, in kin zo cire ta, kada ki goge ta, ki kwashe ta zuwa wani fayil daban. Hirar da suka yi a mota a babi na 12 ta fi duk wata hira da ke cikin littafin rai, kuma matar tana ɓoye wani abu da ban jin ke kanki kin gama gano ko mene ne ba. Ki bi ta ki gani.